Wace na'urar gano matsala za ka saya domin gyaran sensa a katafilar haƙa?

Sau da yawa kuɗin da masu katafila ke ɓarnatarwa kan lambobin matsala suna tafiya ne a canza sensar da lafiyarta ƙalau. Allon direba ya nuna lamba, a aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa, a ɗaura, lambar tana nan daram. Ita lambar hanyar wuta gaba ɗaya take nufi: sensar, soket ɗinta, wayarta, da ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, tambayi kanka wane kayan aiki ne zai nuna maka inda ciwon yake a cikin huɗun nan.

Na farko kana da shi kyauta, wato allon da ke ɗakin direba. Komatsu PC200-8 tana nuna lambobi irin su CA144, wuta ta yi sama a hanyar sensar zafin ruwa, da CA145, wuta ta yi ƙasa. Caterpillar tana amfani da CID da FMI. CID yana faɗa maka wace hanya ce: 100 ta matsin baƙin mai, 110 ta zafin ruwa, 262 ta wutar bolt 5 da ke ciyar da sensoji. FMI kuwa yana faɗin irin ciwon: 3 wuta ta haura, galibi waya ta katse ko ta taɓa mai wuta; 4 wuta ta faɗi, galibi waya ta taɓa bodi; 2 sigina yana rawa. Mai katafila ɗaya ko biyu, allon nan da mitar auna wuta mai kyau za su rufa masa asiri a mafi yawan lokuta.

A wajen mitar ne ya kamata ka daɗe kana zaɓe. Mitar da ake sayarwa a kan tebur tana auna batir, amma ba ta isa aikin sensa ba. Nemi mai nuna adadi a allo, ba mai allura ba, wadda ke da alamar Hz da % a jikinta, domin wasu sensojin Caterpillar ba da hawa da saukar bolt suke magana ba, da bugun wuta suke yi, kuma sai irin wannan mita ke karanta shi. Fluke 87V ita ce wadda aka sani, sai dai jabunta ya yi yawa. Matsakaiciya ta gaske ta fi jabun babba. Haɗa da siraran allurai na shiga bayan soket. Kada ka huda rigar waya da allurar ɗinki, ruwan damina zai bi ramin ya ci wayar daga ciki. Fitilar gwaji mai ƙwai kuma a bar ta can wajen fis, tana iya jan wutar da za ta ƙona ƙwaƙwalwa.

Ga yadda mitar ke biyan kuɗinta. Sensar matsi mai waya uku tana karɓar bolt 5, tana mayar da sigina tsakanin kusan 0.5 da 4.5. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka cire soket, ka auna bolt 5 ɗin a gefen waya. Idan lambar FMI 4 ce kuma da ka cire soket ta koma 3, waya da ƙwaƙwalwa lafiya suke, sensar ce ta mutu. Idan 3 ce, ɗauki guntuwar waya ka haɗa ƙafar sigina da ƙafar dawowa (wato ta negatif) a soket ɗin gefen waya, ka jira kamar daƙiƙa 30. Ta koma 4, to sayi sensa. Ba ta canza ba, bi waya. In kuwa lambobi uku ko huɗu suka fito lokaci guda, sau da yawa sensa ɗaya ce ta janye bolt 5 ɗin da suke tarayya a kai. Cire su ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo. Duk wannan sai da zanen wayarin na ainihin samfurin motarka, kuma shi ma abin saye ne, kar a yi masa ƙyashi.

Sai kwamfuta. Kowane kamfani da tasa: Cat ET da akwatinta Comm Adapter 3, MPDr ta Hitachi, Tech Tool da Vocom na Volvo, INSITE ga injin Cummins. Abin da suka fi allo da shi shi ne nuna adadin sensa kai tsaye yayin da kake girgiza waya, da tarihin sau nawa lamba ta fito da awar da ta fito. Ga matsalar da ke zuwa tana ɓacewa, wadda ƙurar hunturu da jijjigar fasa dutse ke haifarwa a soket, babu kamarsu. Wanda duk motocinsa Caterpillar ne, wannan ce tasa. Ya tuntuɓi Mantrac, dilan Caterpillar a Najeriya, kan lasisi. Kwafin Sin da ya cika kasuwa yana karanta lamba, amma ba na ba da shawarar a sake loda manhajar ƙwaƙwalwa da shi, domin idan ya yanke a tsakiya motar ba za ta tashi ba.

Makanikin da ke zagaya wuraren aiki, yau Komatsu gobe Hyundai jibi SANY, ya fi dacewa da na'ura mai karanta kamfanoni da yawa irin su Jaltest ko Texa. Tana da tsada, ana sabunta lasisinta, kuma ba ta shiga can ciki kamar ta kamfani. Na'urar ƙananan motoci mai baki 16 kuwa ba ta da aiki a nan, wutar yawancin katafiloli bolt 24 ce, bakin ma daban.

Ko wacce za ka saya, kada ka biya sai mai kaya ya bi ka an jona ta a motarka. Ta karanto awannin inji su yi daidai da na allo, sannan ka cire soket ɗin sensar zafin ruwa ka ga lambar ta fito nan take. Ƙirga wayoyin jonawa, mai ƙafa 9 da mai ƙafa 14 da na Komatsu da Hitachi, domin sau da yawa daban ake sayar da su. Idan na'urar ta ƙi magana da motar, kashe makullin batir ka auna tsakanin wayoyin CAN biyu, wato wayoyin da na'urar ke magana da ƙwaƙwalwa ta cikinsu: om 60 ake so. Ka ga 120, laifin na wayarin motar ne, ba na mai kaya ba.