Mai buga kayan suna na Dilimi: ya iya da baƙon suna, sitikarsa ce matsala

Idan sunan yaronku Muhammad ne ko Abubakar, kowane mai buga kayan suna a Jos zai yi muku aikin ko da yana gyangyaɗi. Wannan ɗan shagon da ke wajejen Dilimi, a tsakiyar masu gyaran waya, ba ka sanin amfaninsa sai sunan ya zama baƙo.

Ɗan ƙanena Arƙam aka sa masa, kuma da yake ni ce babbar goggo, kayan rabo a wuyana suka faɗa: kofuna, robobi da 'yar kalanda. Tun da aka yi wa yaron huɗuba, duk wanda aka faɗa wa sunan a gida sai ya ce, "Akram?" Ba laifinsu ba ne. Akram ya cika makarantun Islamiyya, kunne ya saba da shi, Arƙam kuwa sai ka zaga unguwa ba ka ci karo da ko ɗaya ba. Kakarsa ma ta hutar da kanta, Arƙamu take cewa, yadda bakinmu ya mai da Adam Adamu.

Ta WhatsApp na tura wa mai shagon sunan. Bai taɓa injinsa ba sai da ya kira ni. "Hajiya, faɗa min da bakinki in ji. Ra ce a gaba, ko ƙa?" Na faɗa, ya maimaita, ya fito da ƙaf ɗin daga maƙogwaro yadda ake koya mana a makarantar allo. Sannan ya tambayi yadda za a rubuta da boko: Arƙam, Arkam ko Arqam. Shawararsa ita ce in tambayi abin da uban zai sa a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, domin shi ne zai bi yaron zuwa makaranta da katin ɗan ƙasa, kuma ƙa mai lanƙwasa ba ta cika shiga takardun hukuma ba. Muka tsaya a kan Arqam, ya sa rubutun Larabci a ƙasansa da wasulla, yadda duk wanda ya yi allo zai karanta daidai.

Kalandar ce ta fi burge ni. A ƙarƙashin sunan ya bar wurin layi uku na tarihin mai sunan: Arƙam ɗan Abil Arƙam, sahabi daga Banu Makhzum, wanda a gidansa da ke kusa da dutsen Safa Manzon Allah (SAW) yake ganawa da musulmin farko a ɓoye, a nan Sayyidina Umar ya je ya musulunta, kuma ya halarci Badar. Layukan nan sun yi mana rana, don wani maƙwabci ya riga ya baza cewa a Larabce kalmar na nufin maciji mai dabbare-dabbare (gaskiya ne kuwa), tsofaffin gida har sun fara ɓata rai.

To sai inda ya gaza. Ya yi alkawarin kaya za su iso daren jajibiri, sai ga yaronsa a Keke Napep da safe ana tsakiyar rabon goro da dabino, wai an ɗauke wuta kuma janareta ta ƙi tashi. Rubutun kofunan ya kama sosai, nawa har yau ina shan shayi da shi bai koɗe ba. Robobin kuwa sitika kawai ya manna, da ta ji ruwa da omo sai ta fara ɓarewa daga gefe. Kuɗinsa ma ya ɗara na maƙwabtansa, kuma sai an ba da rabi kafin ya fara.

Ni dai kofuna da kalanda zan sake kai masa, robobi in nemi wani. Ku kuma kai aikinku tun washegarin haihuwa, ku ce masa sunan ranar biyar ne.