Hanyoyi Biyu na Rainon 'Yar Ƙaramar Hanta a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon hanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe zai so sanin yadda masana ke rainon ɗan curin nama mai kwaikwayon aikin hanta, domin a gwada magani a kansa kafin a kai ga jikin mutum.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki ƙwayoyin fata ko na jini a mayar da su ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin da za su iya rikiɗa su zama ƙwayoyin kowane sashe na jiki har da hanta, dabarar da masanin Japan Shinya Yamanaka ya tabbatar da ita a ƙwayoyin ɗan Adam a 2007. Da irinsu Takanori Takebe ya raini tsiron hanta a Japan a 2013, ya dasa shi a jikin ɓera har jijiyoyin jini suka haɗu da shi. Ba sai an taɓa hantar majinyaci ba, kuma wannan babban sauƙi ne ga wanda cuta ta riga ta galabaitar da shi. Sai dai aikin yana cin makonni da kuɗi masu yawa, kuma abin da ake samu ya fi kama da hantar ɗan tayi.

Ta biyu, wadda Meritxell Huch da Hans Clevers suka bayyana a Holan a 2015, tana farawa ne da ƙwayoyin bututun matsarmama daga hantar kanta. Suna yaɗuwa na watanni ba tare da tsarin halittar da suka gada ya jirkice ba, amma dole a tsakuro naman hanta, kuma ba su da jijiyoyin jini.

A ganina ta farko ta fi dacewa da mu, tunda ɗibar jini ta fi tsakurar hanta sauƙi a asibitocin Gombe da Bauchi.