Dewey ko LC: wanne ya fi dacewa da kayan kiɗa da waƙa?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce an ba ɗakin karatun ƙungiyarsu a Tudun Wadan Zariya kyautar kaset-kaset da faya-fayan mawaƙan Hausa, haɗe da 'yan littattafai kan kiɗa. Yana tambaya da wane tsari zai jera su, Dewey ko LC, kuma yaya mai nema zai same su. To Malam, ga yadda nake ganin abin.

Dewey, wanda Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, lambobi ne zalla, kuma kiɗa da waƙa suna 780 zuwa 789. An rushe wannan sashe an sake gina shi a bugu na 20 na 1989, saboda haka in ka ga tsohon littafi da lambar da ta saɓa wa ta yanzu, kada ka zargi wanda ya rubuta ta. A yau 782 na waƙar da ake rerawa ne, 786 ya ƙunshi ganguna da su piyano, 787 masu tsirkiya, 788 na busa. Ke nan kalangu zai faɗa 786, goge da kuntigi 787, algaita da kakaki 788.

LC kuwa na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ne, shi ne akasarin jami'o'in Najeriya suke bi. Sashensa na kiɗa ya fito a 1904, aikin Oscar Sonneck. Tambayarsa ta farko ita ce wane irin abu ne a hannunka. In rubutaccen sautin kiɗa ne da makaɗi ke dubawa, lambarsa za ta fara da harafin M. In bayani ne kan kiɗa ko tarihin makaɗa, ML. In koyarwa ne, MT. Kiɗan gargajiyar Afirka yana ML3760, tarihin rayuwar mawaƙa ML420. Dewey bai damu da wannan rabewar ba, yana iya haɗa su a lamba ɗaya.

Ga wanda littattafansa ba su cika kanta biyu ba, Dewey ya ishe shi. Ɗalibin sakandare ma zai iya bin lambobin ba tare da an tsaya a kansa ba. Aibinsa shi ne in kana son fayyace waƙar gargajiya ce, ta Hausawa ce, sai lambar ta yi ta tsawo har ta ƙi shiga bayan littafi. LC ya fi fili da gajerun lambobi, amma sashensa na M kusan fanko zai zauna a wurinka, domin makaɗanmu da ka suke koyo, daga uba ko ubangida, ba daga takarda ba.

Akwai inda su biyun suka yi tarayya wajen ba mu wahala. An gina su ne a kan kiɗan Turawa, inda mai tsara kiɗa daban, mai kaɗawa daban. A wurinmu Narambaɗa shi ne ya tsara, shi ya rera, ga 'yan amshi da masu kotso a bayansa. Sannan rubutattun waƙoƙi irin na Aƙilu Aliyu duk tsarin biyu adabi suke kai su, 893.72 a Dewey, PL8231 zuwa PL8234 a LC inda harshen Hausa da adabinsa suke. Mai binciken waƙar Hausa dole ya taka kanta biyu masu nisa da juna.

Kaset ɗin kuwa, shawarata kada ka sa musu ko ɗaya. Kaset guda yana iya ɗaukar waƙar sarauta da ta noma da ta siyasa, kuma kanta wuri ɗaya take ba shi. Ɗakunan karatu da yawa lambar shigowa kawai suke ba faifai, 1, 2, 3, su zuba ƙarfinsu a katalog. A nan aikin yake. Kowane kaset ka rubuta sunan mawaƙi, sunan kowace waƙa da ke ciki, wanda aka yi wa ita, kayan kiɗan, kamfanin da ya buga da shekara in akwai. Baitin amshi ma ka sa shi, don mutanenmu da amshi suke neman waƙa, ba da sunan da ke jikin kwali ba.

Wajen nema, sunaye ne ke kayar da mutane. Ɗan Maraya, Dan Maraya da Danmaraya mutum ɗaya ne, amma kwamfuta tana iya ɗaukarsu uku, musamman saboda ɗ da ƙ. Ka tsayar da rubutu ɗaya, sauran ka sa su nuna hanya zuwa gare shi. In kuma kana lalube a katalog na jami'a, kanun batutuwa da Turanci suke, sai ka buga "Songs, Hausa". Manhajar Koha kyauta ce kuma tana ɗaukar duk wannan, amma ko littafin rajista mai layi zai yi maka aikin kafin ku samu kwamfuta.