Kayan fatsar walleye a gindin tudun yashi: abin saye da abin bari a kanti

Da Satumba ta kama a jihohin Minisota da Wiskonsin na Amurka, zafi ya karye, ruwan kogin Misisipi ya fara hucewa, sai walleye ya fito neman abinci gadan-gadan kafin hunturu. Kifi ne mai idon ganin duhu, shi ya sa ya fi cin ƙugiya da asuba da kuma gab da magariba. Inda ya fi laɓewa a wannan lokaci shi ne bayan tudun yashi, daidai wurin da yashin ya yanke ƙasa ta zurma. Ruwa na gudu ta sama, shi yana kwance a inda gudun ya lafa, yana jiran ƙananan kifin da igiyar ruwa za ta kawo masa har baki. Duk abin da za ka saya, ka auna shi da tambaya guda: zai kai ƙugiyata ƙasa a wannan gudun ruwa, in kuma ji lokacin da ta taɓa?

A kan zare ya kamata a fi tsayawa, ko da yake nan mutane suka fi yin rowa. Zaren roba na gama-gari, mai ɗaukar laba 6 zuwa 8, yana da araha kuma ɗaurinsa ba wuya, amma yana miƙewa. Walleye kuwa ba ya fizga, wani lokaci nauyi kawai za ka ji kamar ganye ya maƙale, kuma miƙewar zaren kan haɗiye wannan alama. Saƙaƙƙen zare mai laba 10 ya fi siranta, yana yanka ruwa, ba ya miƙewa, har bugun ƙugiya a kan yashi za ka ji a tafin hannunka. Aibinsa biyu ne: tsada, da kuma kifi na iya ganinsa a ruwa garau. Maganin na biyun shi ne ka ƙulla masa tsawon ƙafa biyu na zaren fulorokabon, wani zaren roba mai wuyar gani a ruwa, a baki. Ni dai a kogi saƙaƙƙen nake zaɓa. Wanda bai iya ƙulla zare biyu ba tukuna, ya fara da na roba, babu laifi.

Sai jig, wato ƙugiya mai dunƙulen dalma a ka. Kada ka sayi kala goma masu nauyi ɗaya, ka sayi nauyi uku: 1/8, 1/4 da 3/8 na oza, kimanin giram 3.5, 7 da 10.5. A saman tudu inda ruwa bai kai ƙirji ba, ƙaramin ya wadatar. A gangaren da ruwa ke ja, sai babban, in ba haka ba ƙugiyarka ta wuce ta kan kifin yana kallo. Ka fara da mafi sauƙin da zai iya taɓa ƙasa. Kala kuwa, ɗorawa mai haske ko ruwan lemo don ruwan da ya gurɓace, fari don wanda ya kwanta. Akwai na tangstin, wani ƙarfe da ya fi dalma nauyi: a nauyi ɗaya ya fi na dalma ƙanƙanta, ba ya kashe tsuntsayen ruwa da kan haɗiye shi, sai dai kuɗinsa ya fi, kuma kogi cin ƙugiya gare shi.

Abin da za a soka wa ƙugiyar, a farkon kaka tana na nan tana aiki, amma ruwa na ƙara sanyi ƙananan kifi masu rai na karɓe kasuwa. Suna buƙatar bokiti da abin hura iska cikin ruwan, kuma a Minisota doka ta hana zuba ragowarsu cikin ruwa, kwandon shara ake kai su. Kifin roba mai wutsiya ya raba ka da wannan wahala, kuma fakiti ɗaya ya daɗe. Na katako ko roba mai tauri, irin Shad Rap na kamfanin Rapala, yana da amfani wajen share gefen tudu da sauri don gano inda kifin yake, amma guda biyu sun isa. Ranar da ɗaya ya maƙale a gungumen da ke ƙarƙashin ruwa za ka san farashinsa.

Sanda ba ta buƙatar dogon lissafi: ƙafa shida da rabi zuwa bakwai, mai laushin baki da ƙarfin gindi, da abin naɗe zare lamba 2500. Mai matsakaicin kuɗi ta isa, a kai rarar ga zare.

Kafin ka bar kanti ka yanki lasisi, ka karɓi littafin dokokin shekarar, domin ƙa'ida na sauyawa daga wannan yanki na kogi zuwa wancan. A sashen Misisipi da ke tsakanin madatsar Ford a Twin Cities (biranen Minneapolis da St. Paul) da garin Hastings, walleye da ɗan'uwansa sauger kamawa ake a saki. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce wutsiya: walleye na da farin tabo a reshen ƙasa. In kuma da ƙafa za ka shiga, ka sa rigar ceto cikin lissafin kuɗinka, don gefen tudun da kifin ke kwance shi ne yashinsa ya fi saurin zubewa.