Shirin yaƙi ko shirin da ya saba: wanne ya fi wa sojan da ya dawo daga daji?

Ƙanwata, sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya amsawa. Kin ce maigidanki ya dawo daga Borno wata uku ke nan, bayan shekara uku yana daji. Tun da ya dawo ba hira, ba fita, sai zama gaban talabijin yana maimaita tsofaffin sassan Daɗin Kowa da ya riga ya kalla. Ga shi kuma wani abokinsa ya kawo masa shirye-shiryen yaƙi na Turawa a filas, ya ce su ne za su fitar masa da abin da ke cikinsa. Kina son sanin wanne za ki ƙarfafa masa gwiwa a kai.

Ni matar soja ce. Na haura shekara ashirin a bariki, kuma maigidana ya je Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1998. Abin da kike gani a falonki na gan shi a nawa, don haka bari in jera miki su biyun yadda na fahimce su.

Mu fara da wanda yake kallo yanzu. Mutumin da ya shekara uku a inda ake binne nakiya a hanya, ake kwanton ɓauna da asuba, darasi ɗaya jikinsa ya haddace: kada ka saki jiki. Wannan darasin ne ya dawo miki da shi da ransa. Sigina ta fito an ce ya koma gida, amma jiki ba ya karanta sigina. Iska ta buga ƙofa, ya zabura. Yara su fasa nokawut a layi, zuciyarsa ta hau dukan uku-uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ki duba abin da shirin da ya riga ya kalla yake ba irin wannan mutum: ya san wanda zai shigo, ya san abin da za a faɗa, ya san yadda rigimar za ta ƙare. Na tsawon rabin awa ko awa ɗaya babu abin da zai zo masa ba zato. Mu da ba mu taɓa kwana da bindiga a ƙirji ba muna ganin abin kamar zaman banza ne, amma a wurinsa wataƙila wannan ne kaɗai lokacin da kafaɗunsa suke sauka.

Masana ma sun leƙa wannan. A 2012 wata mai bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka, Jaye Derrick, ta fitar da nazarin da ya nuna cewa mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta gaji sun fi neman maimaicin shirin da suke so, kuma kallon yana ɗan dawo musu da kuzari. Ba a kan sojoji ta yi nazarin ba, amma abin da ta gano ya yi daidai da abin da matan bariki suka daɗe suna gani.

Akwai amfani na biyu da na fi ba muhimmanci. Shirin gida yana nuna masa rayuwar da ya bari: cinikin kasuwa, faɗan maƙwabta, neman aure, yaro ya ƙi zuwa makaranta. Shekara uku bai damu da irin waɗannan ba, kuma dole sai ya sake koyon damuwa da su kafin ya zama maigida sosai. Sannan kallo yana ba ku damar zama tare ba tare da an tsare shi da ido ba. In kin zauna gabansa kin ce "faɗa mini abin da ke damunka", sai ya rufe kamar kunkuru. In kin zauna gefensa kuna kallon abu ɗaya, ga shayi, ga yara a kan tabarma, kun yi zumunci ko da ba a ce uffan ba. Abin lura ɗaya: shirye-shiryenmu na gida ma suna taɓo maganar 'yan gudun hijira da masu tayar da ƙayar baya, har da wanda yake kallo, don haka in sabon sashe ne, ki ɗan san abin da ke ciki.

Ba lallai sai wasan kwaikwayo ba. Shirin girki, na namun daji, na noma, karatun Alƙur'ani da murya mai sanyi, duk suna wannan aikin. A Amurka akwai wani mutum, Bob Ross, da ya yi shekara 20 a sojan sama. Da ya ajiye kaki sai ya ce ya gaji da daka wa mutane tsawa, ya koma koyar da zanen duwatsu da itatuwa a talabijin, daga 1983 zuwa 1994, da murya ƙasa-ƙasa. Har gobe mutane suna kunna shi don hankalinsu ya kwanta. Yana taɓa zuciyata cewa tsohon soja ne ya gane irin muryar da mai firgici yake buƙata.

Amma shirin da aka saba yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Inuwar da ake hutawa a ciki tana iya zama maɓoya. Guje wa duk abin da zai tuna wa mutum abin da ya faru yana cikin alamomin ciwon firgicin da likitoci ke kira PTSD, kuma gujewar tana sa ciwon ya daɗe. In ya kai ga yana kallo har kiran assalatu don tsoron mafarki, ko ya daina zuwa masallaci, ya daina amsa wayar 'yan'uwa, to talabijin ta tashi daga hutu ta koma katanga tsakaninku.

Yanzu ga shirin yaƙi. Abokin nan nasa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Babban nauyin da sojan da ya dawo yake ɗauke da shi shi ne ganin babu wanda zai gane. Ke ba ki je ba, mahaifiyarsa ba ta je ba, abokan majalisa tambayarsu ɗaya: "Mutum nawa ka kashe?" Idan ya ga wani dattijo a talabijin yana bayanin yadda ya bar gawar abokinsa a baya, yana hawaye bayan shekara arba'in, sai ya san ba shi kaɗai ba ne, kuma ba rashin jarumta ba ne. Wani lokaci ma a bakin wannan dattijon zai tsinci kalmomin da ya rasa. A 2017 tashar PBS ta nuna wani shiri na Ken Burns da Lynn Novick kan yaƙin Biyetnam, kashi 10, awa 18, inda kusan mutum 80 daga ɓangarorin biyu suka ba da shaida da bakinsu. Irin wannan shirin yana iya buɗe bakin da ya daɗe a rufe. Sai dai ki lura, ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka sai da ta ja kunne cewa kallonsa zai iya fama wa wasu tsohon miki, ta kuma tuna musu inda za su nemi taimako. Waɗannan fa mutane ne da yaƙinsu ya ƙare tun 1975. Naki wata uku kacal.

A nan ne abokin ya kuskure. Gaskiya ne akwai maganin da ake yi ta hanyar sa mutum ya fuskanci abin da yake gudu. Farfesa Edna Foa ce ta tsara shi, kuma ana amfani da shi sosai ga tsofaffin sojoji. Amma zama 8 zuwa 15 ake yi da ƙwararre, mataki-mataki, labarin mai ciwon ne da kansa ake bi, akwai mai lura da numfashinsa, akwai mai sanin lokacin dakatawa. Talabijin ba ta san lokacin dakatawa ba. Ƙarar igwa za ta fito da tsakar dare, a ɗakin da yara ke barci, ba kowa kusa sai ke.

Kuma ba duk shirin yaƙi ne ɗaya ba. Wanda ake hira da waɗanda suka je daban, wanda jarumi ɗaya ke karkashe mutum ɗari ko ƙwarzane bai samu ba daban. Na biyun ban ga amfaninsa ga mai irin wannan hali ba: ga ƙara, ga jini, ga ƙarya da ke ƙona ran wanda ya san gaskiyar abin. Wanda ya fi su duka sharri shi ne wanda ba ki ambata ba, wato labarai da bidiyoyin da ake turowa a waya. Dajin da ake nunawa nasa ne, kakin nasa ne, mai yiwuwa ma fuskar da ke kwance ya san ta. Shi ma in ya kwana biyu zai ce miki yana jin nauyin cewa yana gida abokan aikinsa suna can.

In kin tambaye ni, a yanzu ki bar shi da shirinsa na gida, ki kuma riƙa zama tare da shi. Filas ɗin nan kada ki ɓoye shi, kada ki jefar, domin mutumin da ya shekara uku yana bin umarni ba ya buƙatar wani sabon kwamanda a gida. Ki dai faɗa masa tsoronki a fili. Ran da ya ga dama ya kalla, ya kasance da rana, rimot a hannunsa, yara ba sa nan, kuma in da hali tare da wanda suka yi dajin tare.

Ma'aunin da nake amfani da shi ba abin da ke kan allo ba ne, abin da ke biyo bayan an kashe ne. Ya ɗan sake, ya ci abinci, ya yi wasa da yara, ya samu barci? Ko ya ƙara yin shiru, gumi, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba? Ki lura na mako biyu, za ki fi ni sanin amsar.

Abu ɗaya kuma kada ki ɗauke shi da wasa. Mugun mafarki, zabura, saurin fushi da gudun mutane, in sun wuce wata ɗaya suna hana mutum rayuwarsa, maganar asibiti ce, kuma shi ya kai wata uku. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. A ƙididdigar Amurka, 11 zuwa 20 cikin 100 na sojojin da suka je Iraƙi da Afganistan suna fama da shi a shekara guda, kuma ana samun sauƙi in an yi magani. Ana iya farawa daga asibitin bariki. Akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Maiduguri. Sau da yawa ba daga bakin mata suke karɓar wannan shawarar ba, sai daga abokin da suka shiga aiki tare ko limamin bariki, don haka ki nemi wanda yake jin maganarsa. In kuwa kin ga shaye-shaye, ko ya fara zancen gara ya mutu, ko ke da yara kun fara jin tsoronsa, kada ki jira gobe.

Nawa maigidan kaset ɗaya ne na namun daji ya riƙa maimaitawa har hoton ya fara rawa. Kusan shekara guda bai ce mini komai game da Saliyo ba. Wata rana da la'asar muna kallo, aka nuno ruwan sama yana zuba a kurmi, sai ya ce, "Haka ruwan Kenema yake." Ban juyo na kalle shi ba, na dai miƙa hannu na rage murya. Ya yi magana har aka kira magariba, kuma a makon ne ya yarda muka je ganin likita.