Finafinan Marathi: manhajar biya ko shafin sata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ta wace hanya za ka kalli finafinan Marathi, harshen jihar Maharashtra ta Indiya. Biyan kuɗin manhaja da saukewa daga shafin sata duk na gwada su, kuma shawarata ka biya kawai.

Ina shekara ta biyu a karatu a birnin Pune na yi rajistar manhajar kallon finafinai ta ZEE5, don finafinan Marathi da dama na kamfanin Zee ne, can ake ajiye su. Daren da na kunna fim ɗin Sairat har yau yana raina. Matar mai gidan da nake haya, dattijuwa ce muna ce mata Mawshi, wato inna, ta jiyo waƙa daga ɗakina, sai ga ta da shayi kofi biyu, ta zauna bakin katifa. Kusan awa uku muka yi ba wanda ya motsa. Ta san fim ɗin ciki da bai, amma da aka zo ƙarshe, inda aka ɗauke sauti gaba ɗaya, sai da ta share hawaye da gefen sarinta. Ni kuwa abin da ya cece ni shi ne fassarar Turanci da ke ƙasan allo, tana tafiya daidai da bakin mai magana. Kada ka raina wannan. Marathi daban, Hindi daban, 'yan kalmomin da muka tsinta a finafinan Indiya tun muna yara ba za su kai ka ko'ina ba, balle fim ɗin da aka yi da harshen ƙauyukan Solapur. Ga shi kuma idan ka samu wayifai sai ka sauke a cikin manhajar, ka kalla daga baya ba data.

Shafin sata amfaninsa ɗaya ne, ba ka biyan kuɗin wata. Ni dai na ƙona data a kan wani fim, ashe a sinima aka ɗauko shi da waya, kawunan mutane na wucewa, fassara babu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu yin finafinan. Jarinsu ƙarami ne, kuma ko a Mumbai, cikin jiharsu ta Maharashtra, kokawa suke yi da manyan finafinan Hindi kafin a ba su lokaci a sinima. Sairat ɗin nan a 2016 yana tsakiyar kasuwarsa aka watsa shi a intanet, har daraktansa Nagraj Manjule ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Fim ɗin ya tsira, kuɗin da ya kawo ya haura rufi biliyan 1, amma ƙaramin fim ba ya jure irin wannan duka. A 2023 Indiya ta gyara dokar sinima, mai ɗaukar fim a ɓoye zai iya shan ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar asusun haɗaka da araha a WhatsApp. Mutum goma za su sayar wa, bayan kwana biyu su canza kalmar sirri, lambarsu ta daina shiga. Haka masu turo maka manhajar da suka ce an buɗe ta kyauta, kada ka saka ta a wayar da kake harkar banki da ita.

Ka fara da wata ɗaya, ka duba tukuna ko fim ɗin da kake so yana buɗewa a ƙasar da kake, don jerin ya bambanta. Idan aljihu bai ba da dama ba yanzu, shiga tashar Rajshri Marathi a YouTube ka fara da abin da suka ɗora da kansu.