Rumbun Alƙaluman Bankin Duniya a Hannun Mai Ba Gwamnati Shawara

Malamin tattalin arziki da aka ɗauko daga jami'a domin ya ba gwamnati shawara, kamar yadda aka ɗauko Farfesa Charles Soludo daga Jami'ar Nsukka a 2003 kafin ya zama gwamnan Babban Bankin Najeriya a 2004, yakan tarar cewa masu mulki alƙaluma suke nema, kuma a ranar suke son su. Saboda haka ne na daɗe ina dogara da rumbun alƙaluman Bankin Duniya da ke intanet, ko a aji ko a zaman kwamitin kasafin kuɗi.

Tun watan Afrilu na 2010 bankin ya buɗe rumbun kyauta, alhali a baya sai an biya kuɗi. Yawancin jerin alƙaluman sun faro daga 1960, ana sauke su a Excel cikin ƙanƙanin lokaci, kuma kowane yana ɗauke da bayanin inda aka samo shi. Idan kwamishina ya tambayi yadda hauhawar farashi take a Najeriya idan an gwada ta da Nijar ko Ghana, amsa tana fitowa kafin a tashi daga zama. Akwai shafin da Faransanci da Larabci, abin da zai amfani ɗaliban Yamai da Damagaram.

Sai dai rumbun ƙasa yake kallo dunƙule, mai ba da shawara kuwa galibi a jiha yake aiki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya na cikin talauci, amma a Sakkwato adadin ya haura kashi 87, kuma ba a saka Borno a lissafin ba. Wanda ya tsara wa Sakkwato manufa da adadin ƙasa ya yi aikin baban giwa.

Wajibi ne kuma a tuna cewa bankin daga hukumomin ƙasashe yake karɓar yawancin alƙalumansa. Da Najeriya ta sauya shekarar ma'auni, wato shekarar da ake amfani da farashinta wajen auna girman tattalin arziki, daga 1990 zuwa 2010 a 2014, tattalin arzikinta ya tashi a takarda zuwa kusan dala biliyan 510. Shi ya sa nake umartar ɗalibaina su karanta bayanin tushe kafin su zana jadawali, su kuma nemi alƙaluman jihohi a rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja.